Ranar da 'Yan Jingina Suka Kwanta Hagu

Mahaifina masassaƙi ne, amma in ka haɗa shi da masu turmi da taɓarya sai ya ɓata rai. Shi aikinsa ado ne. A kawo masa marfin akwati, ko ƙyauren ɗaki, ko kujera 'yar tsugunno da wani ya riga ya sassaƙa, ya zauna a zauren gidanmu na unguwar Magajiya da 'yan wuƙaƙensa guda uku, ya dinga ɓantarar katakon kaɗan-kaɗan, kowane ɓantare bai wuce farce ba, har fuskar katakon ta cika da taurari da tsinaye. Kafin ya sa wuƙa sai ya yi zane. Da ƙusa da zare yake fitar da da'ira, da gawayi yake jan layi, kuma ya fi daɗewa a kan zanen bisa ga yankan.

Duk abin da ya fita daga hannunsa akwai alamar da ake gane shi da ita. A gefe yakan zagaye aikin da jerin 'yan tsinaye masu kusurwa uku, kowanne ya karkata ya jingina da na damansa. Su yake kira 'yan jingina. A wurin mahaifinsa ya koye su, kuma dama suke kwanciya, ba a taɓa jin sun kwanta hagu ba.

Akwai kuma wata magana da muka tashi muna ji a bakinsa har ta gundure mu. Yakan ce ranar da ya ɓata katakon wani, ranar zai naɗe wuƙaƙensa. Muna yara mukan kwaikwaye shi a bayan idonsa, mu yi dariya. Ban san da gaske yake ba sai da na girma.

Na dawo gida ne a shekarun da gwamnati ta tare a Abuja, lokacin da Suleja ta cika ta batse da baƙi, kowane lungu aka tsaga aka yi ɗakin haya. Aurena ya mutu, mahaifiyarmu ta rasu, 'yan uwana maza kowa ya kama gabansa. Ina koyarwa a wata makarantar firamare, na dawo na tarar da Baba shi kaɗai da 'yan haya. Ban yi wata guda ba na lura ya kwashe kayan aikinsa daga zaure ya mayar ɗakin baya. Na tambaye shi, ya ce hayaniyar masu wucewa ce ta dame shi. Ƙarya yake yi, kuma bai iya ta ba. Wata safiya na miƙa masa kofin koko, ya kai hannu gefe ya kama iska.

Yanar ido ce ta rufe masa gani. Yana ganin haske da duhu, yana ganin inuwar mutum, amma layin gawayi a kan katako ya ɓace masa. Hannunsa kuwa yana nan yadda yake. In yatsansa ya taɓa inda zai fara da inda zai tsaya, wuƙar za ta shiga ta fita ba kuskure. Zanen ne ya gagara. Na ce mu je asibiti, ya ce zai je. Ya yi ta cewa zai je har ya koma ga Allah.

Ni na samo dabarar, kuma na daɗe ina alfahari da ita. A lokacin gini ake ko'ina, takardar buhun siminti ba ta da wuyar samu. Sai in yanko mai kyau in goge ta, in shimfiɗa a kan tsofaffin ayyukansa in shafa fensir har adon ya fito, in gyara layukan da rula. Daga nan in ɗauki allura in bi zanen ina hudawa, huda kusa da huda. In na gama sai in ɗora takardar a kan katako in kafe ta da ƙananan ƙusoshi. Shi kuma ya bi hudojin da yatsa, ya sa basilla a kowace ɗaya ya danna. Idan aka ɗage takardar, zanen ya koma kan katakon, ɗigo-ɗigo, yadda yatsa zai karanta. Sai ya ja wuƙa.

Ranar da muka fara gwadawa ya yanka tauraro guda. Ya shafa shi, ya sake shafawa, sannan ya ce, “Uwata, ashe bokon nan yana da rana.” Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba.

Shekara biyu muka yi a haka, ba wanda ya sani. Mutane suna kawo aiki suna karɓa suna yabawa. Shi yana tsoron ranar da za a ce tsoho ya makance, a daina kawo masa katako, a koma gaishe shi da muryar tausayi. Ni kuma, in faɗi gaskiya, na soma gajiya. In dawo daga makaranta da ciwon kai, in yi girki, in duba littattafan yara, sannan in zauna ina huda takarda har yatsana ya yi kanta. Ina da saurin fushi tun ina ƙarama, kuma mutuwar aure ba ta rage mini shi ba.

A cikin 'yan hayarmu akwai wasu mata da miji, Kiristoci daga kudu. Matar tana sayar da atamfa a kasuwa, kowa Madam yake ce mata. Mijin mai gyaran rediyo ne, yana da ɗan tebur a bakin titi. Mutum ne mai shiru. In ya dawo da yamma yakan tsaya ya gaida Baba da Hausarsa ta tsince-tsince, kuma shi ya gyara wa Baba rediyonsa sau uku bai karɓi ko sisi ba. Wata ranar Talata ya hau mota zai je Minna sayen kayan gyara, suka yi karo da babbar mota kusa da Lambata. 'Yan uwansa suka zo suka tafi da gawar garinsu. Madam ta bi su, bayan makonni ta dawo kwashe kaya, ta rame har zobenta yana yawo a yatsa.

Ranar Lahadi ta shigo da katako a rungume. Saman teburin mijinta ne, ta sa an ɓalle mata. Katakon maɗaci ne, siriri, bai kai kaurin yatsa biyu ba. Fuska ɗaya duk tabon ƙuna ce, inda yake ajiye ƙarfen narka dalma shekara da shekaru. Ɗaya fuskar, wadda ke kallon ƙasa, lafiyarta ƙalau.

Ta durƙusa ta ce, “Baba, ina so ka rubuta sunan maigida a nan. Wannan side mai ƙuna kar a taɓa, hannunshi ne. Zan kai gida a sa wurin kabari. Asabar da safe mota zai tashi.”

Baba ya karɓi katakon ya shafa gaba da baya, ya daɗe a kan tabon ƙunar. Ya ce, “Za a yi, Madam. Kuma kada ki yi mini zancen kuɗi.”

Tana fita na hau shi da faɗa. Washegari zan tafi Minna, an tura mu kwas na kwana biyar, ban haɗa kaya ba, ban yi wanki ba. Ga shi bai taɓa yanka harafin boko ba, ko karanta shi bai iya ba, iliminsa na allo ne. Na ce, “Baba, kun karɓi aiki ba ku tambaye ni ba, alhali kun san a kaina zai ƙare. Ni ma fa ina da nawa aikin.”

Ya sake shafa katakon. Can ya ce, “Mutumin nan bai taɓa wuce ni bai gaishe ni ba.”

Na yi zanen, amma da fushi na yi shi. Ran Litinin da sassafe na zauna na rubuta sunan da manyan baƙaƙe, na zagaye shi da 'yan jingina, na bi da allura ina hudawa kamar takardar ce ta yi mini laifi. Rana ta ɗaga, na san in na ƙara jimawa motar farko za ta tafi ta bar ni. Na nemi ƙusoshin da nake kafe takarda ban gan su ba, ban kuma tsaya nema ba. Na ajiye masa takardar a kan tabarma kusa da katakon, na ce ga shi nan, girmansu ɗaya, ya daidaita gefe da gefe.

Ina sa takalmi ya ce, “Uwata, ta ina ake farawa?”

Na ce, “Ta hagu mana, Baba. Boko ai komai nasa a juye yake da naku.”

Na fita ban ko waiwaya ba. Wannan maganar na fi shekara ashirin ina jin ta a kunnena.

Abin da ban taɓa tunani ba shi ne wannan. In ka huda takarda da allura, fuskar da allurar ta shiga sumul take, yatsa da ƙyar yake jin ramin. Ta bayan ne bakin hudar yake tasowa, ƙuraje-ƙuraje, yadda ko a duhu za ka bi shi. Duk shekara biyun nan ni nake kafe takardar, fuskar zane a sama, shi kuma yana lalubenta a haka da haƙuri, bai taɓa cewa tana ba shi wuya ba. Ranar da aka bar shi da ita shi kaɗai, ya juya ta a hannu, ya ji gefen da ya fi magana da yatsa, ya ɗauka nan ne sama. Ya kifa ta.

Kwana biyar na yi a Minna, fushina ya huce tun a hanya. Har na saya masa turare da 'yar hula don in wanke laifina. Ran Juma'a bayan la'asar na iso gida. Na same shi a ƙofar ɗakin baya, ya yi wanka ya sa farar rigarsa, katakon yana kan cinyarsa a lulluɓe da ƙyalle. Dokarsa ce, mai kaya ba ya ganin aiki sai an gama an shafa mai, don haka ko Madam ba ta leƙa ba. Fuskarsa a sake take yadda na daɗe ban gani ba.

Ya ce, “Zo ki gani, ke ce mai ido.”

Ya yaye ƙyallen. Ban taɓa ganin aikinsa mai kyau kamar wannan ba, kuma ba don ya mutu nake faɗa ba. Kowane harafi ya fita tsaf, yankan ya yi zurfi daidai, man gyaɗar da ya shafa ya sa maɗacin ya yi ja. Kuma sunan a juye yake tun daga farko har ƙarshe, kamar an nuna shi a madubi. Harafin farko yana dama, kowane baƙi ya ba da baya.

Nan take na shiga lissafin mafita, ban samu ko ɗaya ba. Katakon ya yi siririn da ba za a kankare a sake ba. Bayansa tabon ƙuna ne da aka ce kada a taɓa. Mota kuma gobe da safe. Ban buɗe baki ba sai ga sallamar Madam, ashe ya riga ya aika mata ta zo bayan la'asar.

Ya miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa ta duba. Na ga idonta ya tafi hagu inda ya saba farawa, ya tsaya, ya dawo. Ta ɗago ta kalle ni. Ban san abin da ta gani a fuskata ba. Ta juya ta kalli Baba, wanda yake murmushi yana fuskantar ɗan gefe da inda take tsaye. Ta daɗe tana kallonsa. Shirun ya yi tsawo har na ji kukan akuyar maƙwabta.

Sannan ta sa yatsa a kan harafin da ke dama, ta bi su ɗaya bayan ɗaya zuwa hagu, ta kira sunan mijinta a hankali, cikakke. Ta ce, “Baba, ya yi kyau. Ya yi kyau sosai. Allah ya biya ka.” Muryarta tana rawa, amma mai takaba ce, ba wanda zai yi mamaki.

Na raka ta har ƙofar ɗakinta. Muna shiga na durƙusa, na ce laifina ne, ta ba ni mako guda in nemo wani katakon a sake. Ta girgiza kai.

“Wani katako ba teburinshi ba ne,” in ji ta. Ta rage murya. “Tica, Baba ba ya gani, abi?”

Na ce eh.

“Tun yaushe?”

“Shekara biyu.”

Ta zauna a kan ƙullin kayanta, katakon a ƙirji. Ta ce, “Kuma ya yi wannan.” Ta share ido da bakin zane, sai ta ɗan yi dariya, irin wadda ke fitowa a tsakiyar kuka. “Ki bari. Maigida duk rayuwarshi ta baya yake buɗe rediyo. Zai gane sunanshi. Kar ki gaya wa Baba.”

Na yi niyyar bin maganarta. Na wanke fuska na koma, na ciro hular da turaren ina ta surutu a kan Minna da tsadar mota. Ya karɓa ya yi godiya ya ajiye a gefe. Ya ce in zauna.

“Me ya sa ta yi shiru haka?”

Na ce, “Kuka ne ya zo mata, Baba.”

“Na san shirun kuka. Wannan ba shi ba ne.” Ya juyo da fuskarsa wajena. “Uwata, zan tambaye ki abu ɗaya, kada ki rufe ni. Sunan nan daidai yake?”

Na iya faɗa, na iya gardama, amma ban taɓa iya yi masa ƙarya ido da ido ba, ko da idon ba ya gani. Na gaya masa. Na ce takardar ce ta kifu, na ce ni ce ban kafe ta ba, ni ce ban nuna masa sama da ƙasa ba, ni ce na fita da fushi. Na yi ta maimaitawa don ya ji inda laifin yake.

Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, “Tun ran Litinin na sani.”

Na ce, “Kun sani?”

“Ban san na sunan ba, ina zan sani. Amma ina sa basilla a gefe na ji 'yan jingina sun kwanta hagu. Na tsaya. Na cire takardar, har na juya ta, na mayar. Shekara hamsin ina yanka su dama, hannuna ya ƙi, sai da na tilasta masa.” Ya buɗe tafinsa a kan gwiwa kamar yana dubawa. “Na ce ai ta faɗa mini boko komai nasa a juye yake. Na ce da gangan ta yi, ita ta yi karatu. Hannuna ya gaya mini gaskiya, na ce ya yi shiru.”

Sai a lokacin na kalli abin da ban kalla ba saboda ruɗewa. Ban lura da gefen ba sam, sunan kawai na gani. Shi kuwa kwana huɗu ya yi yana yanka alamar gidansu a karkace, tsini bayan tsini, saboda wata magana da na jefa masa ina sa takalmi. Kuka ya ƙwace mini. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, ko ranar da na dawo gida da akwatina.

Ya ce in ɗauko masa fatar da yake naɗe wuƙaƙe. Na ƙi tashi. Na ce, “Baba, ba ku kuka ɓata ba, ni ce. Ita ma mai kayan ta karɓa, ta ce ya yi.”

“Ta karɓa don tana da kirki,” in ji shi. “Matar nan katako ɗaya gare ta a duniya, ta kawo mini. Wuƙar a hannun wa take?”

Ya lalubo fatar da kansa. Ya goge wuƙaƙen ɗaya-ɗaya da gefen rigarsa, farar rigar, ya jera su da basillar, ya naɗe ya ɗaure. Ba fushi a fuskarsa, kuma da ya yi fushin da ya fi mini sauƙi. Aka kira magariba, ya nemi buta.

Da safe ya fito har bakin titi ya yi wa Madam sallama. Ya ce mata, “Ki yafe mini.” Ta kalle ni, na sunkuyar da kai. Ta durƙusa a gabansa a gefen motar, ta ce babu abin yafewa. Katakon yana naɗe cikin atamfa sabuwa, ba ta yarda an sa shi a bayan mota ba, a cinyarta ta riƙe shi. Ban sake ganinta ba.

Na ɗauka kwana biyu zai yi ya sauko. Da mako ya wuce sai na sayo katako mai kyau da kuɗina, na yi zanen tauraron da ya fi so, na zagaye shi da 'yan jingina. Na huda a hankali, na kafe takardar da ƙusa huɗu, na duba ta sau uku. Na kai masa na ɗora a cinyarsa. Ya bi gefen da yatsa tun daga kusurwa har ya zagayo.

Ya ce, “Sun kwanta dama. Ya yi daidai, Uwata.”

Ya miƙo mini.

Damina uku ya ƙara a duniya. Ban daina ba, duk bayan 'yan makonni sai in yi sabon zane in kai masa, har katakai suka taru a bayan ƙofar ɗakina da takardunsu a kafe. Bai taɓa ƙin karɓa ba. Kowane lokaci zai shafa har ƙarshe, ya ce ya yi daidai, ya miƙo mini da hannu biyu.